Gidan Alƙali Wythe da Shaidar da Kotu Ta Ƙi Ji

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Washinton zuwa Newport News yakan bi ta Alexandria da Fredericksburg da Richmond kafin ya tsaya a Williamsburg. Shi muka hau da sassafe, ni da ɗan yayata da ke karatu a Washinton. Kaka ce, ganyen itatuwa ya rine ja da ruwan ɗorawa, ga wani sanyi mai ratsa riga duk da rana ta fito. A wasu wurare layin dogon yana bin gaɓar kogin Potomac, ruwa shimfiɗe iya ganinka. Yaron kuwa Niyok ya so mu tafi. Tun a tasha yake mita: "Kawu, kowa ya zo Amurka dogayen benaye yake zuwa kallo, kai kuma ka ce sai gidan wani alƙali da ya mutu fiye da shekara 200." Na ce masa aikin lauya ne ya ci da ni ya tufatar da ni, kuma mutumin da za mu je gidansa shi aka fara ba kujerar koyar da shari'a a jami'a a duk faɗin ƙasar. Sunansa George Wythe. Yadda ya ƙare kuwa na riƙe a cikina, don na san in na faɗa tun a jirgi, yaron ba zai saurari farkon labarin ba.

Williamsburg ƙaramin gari ne, daga tasha da ƙafa muka shiga tsohuwar unguwar. Nan ne hedikwatar Birjiniya daga 1699 har 1780, mafi yawan wannan lokaci ƙarƙashin Sarkin Ingila. Da aka mayar da hedikwata Richmond sai garin ya kwanta, har zuwa 1926 da wani limamin coci mai suna Goodwin ya shawo kan attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami ya zuba dukiya aka gyara tsofaffin gine-gine, waɗanda suka rushe kuma aka sake tayar da su a kan tushensu. Babban titin, Duke of Gloucester, tsawonsa kusan mil guda. Jami'a tana ƙarshensa na yamma, majalisa tana na gabas. Da rana mota ba ta bi, sai keken doki. Warin kashin doki da hayaƙin itace ne suka fara tarbar mu, sannan ma'aikata sanye da kayan mutanen da, maza da hula mai kusurwa uku, mata da dogayen riguna da farin ɗankwali.

Muka fara da jami'ar William da Mary, wadda aka kafa a 1693. A shekarar 1779 Thomas Jefferson yana gwamnan jiha, ya sa aka sake tsarin makarantar, aka buɗe kujerar koyar da shari'a, aka ɗora malaminsa Wythe a kai. Kafin nan duk mai son aikin lauya ko dai ya haye teku zuwa Landan, ko ya zauna a ofishin wani lauya yana kwafe masa takardu har ya tsinci abin da ya tsinta. Wythe bai tsaya a karatun allo ba. Da majalisa ta ƙaura ta bar gininta fayau, sai ya riƙa kwasar ɗalibansa zuwa can, ya kafa musu kotun gwaji, mutanen gari suna zuwa kallo, ya kuma kafa musu majalisar gwaji, shi yana kakaki, su suna kawo ƙudiri suna gardama suna gyara. Duk wanda ya yi karatun lauya ya san ranar da ya fara miƙewa a kotun gwaji gwiwa tana rawa. Cikin waɗanda suka zauna gabansa a 1780 akwai wani matashin soja, John Marshall, wanda makonni kaɗan kawai ya yi a ajin, daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Amurka na shekara 34. A gaban tsangayar shari'a ta jami'ar akwai gunkin su biyu tsaye kafaɗa da kafaɗa, malami da ɗalibi.

Shi kansa Wythe ba a jami'a ya samu ilminsa ba. An haife shi a 1726 a gonar gidansu da ake kira Chesterville, inda garin Hampton yake yanzu. Yana ɗan ƙarami mahaifinsa ya rasu, gonar ta faɗa hannun wansa bisa al'adar gadon Ingila. Mahaifiyarsa ce ta ɗora shi kan Latin da Girkanci, sauran kuma ya ƙarasa da kansa, har ya zama ana kwatance da shi a duk Birjiniya. Shari'a wurin wani ɗan'uwansu lauya, Stephen Dewey, ya koya, ya samu izinin aiki a 1746 yana ɗan shekara 20. Ya yi aure a ƙarshen 1747, matar ta rasu kafin shekara ta zagayo. Abin da mutanen zamaninsa suka fi tunawa da shi shi ne ba ya karɓar shari'ar da ya ga babu gaskiya a cikinta, kuma in ya gano wanda yake karewa ya yi masa ƙarya, sai ya mayar masa da kuɗinsa ya zare hannu. Na daɗe a aikin nan, na san nauyin wannan. Faɗarsa sauƙi gare ta, amma ranar da kuɗin makarantar yara ya taso, kaɗan ne cikinmu ke iya mayar da abin da ya riga ya shiga aljihu.

Gidan yana gefen wani dogon fili mai ciyawa da ya miƙe zuwa fadar gwamna, jikin cocin Bruton. Bene ne mai hawa biyu na jan bulo, ba ado ko kaɗan a fuskarsa, ƙofa a tsakiya, tagogi a jere daidai wa daida hagu da dama. Surukinsa Richard Taliaferro ne ya gina shi a farkon shekarun 1750, Wythe ya shiga bayan ya auri 'yarsa Elizabeth, ya zauna a ciki sama da shekara 30. Ba sabon gini ba ne, ainihin gidan ne. Da ka shiga, wani faffaɗan zaure ne ya ratsa daga ƙofar gaba zuwa ta baya, ɗakuna huɗu a ƙasa, huɗu a sama. Katakon daɓen yana ƙara a ƙarƙashin ƙafa. An manne bangon wasu ɗakunan da takardar ado mai launi mai ƙarfi, irin wadda masu hali na lokacin suke odar ta daga Ingila. A ɗakin karatu na fi daɗewa: tebur, gashin tsuntsu na rubutu, tawada, da kayan gwaje-gwajen kimiyya, don mutumin bai tsaya ga shari'a kaɗai ba. A shekarun 1760 Jefferson ya yi kusan shekara biyar yana karatun lauya a hannunsa, kuma shi da Wythe da wani malamin lissafi, William Small, sukan ci abincin dare a fadar Gwamna Fauquier da ake hangowa daga ƙofar gidan. Jefferson har tsufansa yana kiran Wythe jagoransa na ƙuruciya kuma amininsa na rayuwa. A watan Satumba na 1781 kuma Janar Washinton ya mayar da gidan hedikwatarsa kafin ya tafi yaƙin Yorktown, inda rundunar Ingila ta miƙa wuya.

Mafi yawan baƙi daga nan suke juyawa. Mu muka fita ta ƙofar baya. Akwai lambu, akwai rijiya, akwai 'yan gine-gine farare na katako: ɗakin wanki, ɗakin ƙyafe nama, bargar dawaki, gidan tattabaru, da madafa. Madafar daban take da gidan, saboda zafi da tsoron gobara. Murhu ne babba na bulo wanda mutum zai iya shiga cikinsa a sunkuye, da ƙugiyoyin ƙarfe na rataye tukwane, bango ya yi baƙi da hayaƙi. Wata ma'aikaciya baƙar fata da ke wurin ta yi mana bayanin cewa a jajibirin yaƙin 'yancin kai kusan rabin mutanen garin baƙaƙe ne, galibinsu bayi, kuma su ne suke dafa abincin da ake ci a teburin da muka gani, su ke ɗebo ruwa, su ke hura wuta a ɗakin karatun. Ta ambaci sunan guda: Lydia Broadnax, mai girkin gidan. Ɗan yayata ya tambaye ta ko alƙalin ma yana da bayi ke nan. Ta ce ƙwarai kuwa. Dokar Birjiniya ta 1782 ce ta sauƙaƙa wa mai bawa ya 'yanta shi. Da matar Wythe ta rasu a 1787, wasu bayin ya mayar wa danginta, wasu ya 'yanta. Lydia tana cikin waɗanda suka samu takardarsu. Ta zaɓi ta ci gaba da yi masa aiki a kan lada, ta bi shi har Richmond. Na ce wa yaron ya riƙe wannan suna.

Muka miƙe titi zuwa majalisa, muka wuce ma'ajiyar albarushi mai kusurwa takwas, wadda Gwamna Dunmore ya sa aka kwashe cikin dare a watan Afrilu na 1775 har gari ya hargitse, muka wuce masaukin Raleigh inda wakilai suka riƙa taruwa duk lokacin da gwamna ya rushe majalisarsu. Ginin majalisar na yanzu sake shi aka yi a shekarun 1930. Ɓangare biyu ne da aka haɗa da gada ta sama: ɗaya na wakilan jama'a, ɗaya na babbar kotu. A zauren wakilai benci ne dogaye suna fuskantar juna, kujerar kakaki a tsakiya, teburin akawu a gabanta. Wythe ya san kowane lungu na aikin nan. Ya fara da akawun kwamitoci a 1748. A 1754 ya riƙe muƙamin babban lauyan gwamnati na ɗan lokaci, da mai kujerar, Peyton Randolph, ya tafi Landan kai ƙarar gwamna, kuma da ya dawo Wythe ya sauka ya ba shi abinsa. Ya wakilci Williamsburg, ya wakilci jami'a, ya wakilci gundumarsu ta Elizabeth City. A 1764, da aka ji Landan na shirin ɗora harajin kan sarki a kan takardu, shi ya rubuta wa majalisar Birtaniya takardar ƙorafi mai zafin da sai da abokan aikinsa suka sassauta ta. Amma da wani wakili, Patrick Henry, ya zo da nasa ƙudirorin masu wuta a 1765, Wythe bai goyi baya ba, yana ganin a jira amsar takardar farko tukuna. Halinsa ke nan: ra'ayi mai tsauri, tafiya bisa ƙa'ida. Ya yi magajin gari a 1768, sannan ya zama akawun majalisar gaba ɗaya har zuwa 1775.

Daga nan abubuwa suka zo masa a jere. An tura shi babban taron wakilai a Filadelfiya a 1775, yana cikin waɗanda suka fara cewa a rabu da Ingila kawai. A takardar shelar 'yancin kai ta 1776 sunansa ne a saman na wakilan Birjiniya bakwai. Ba ya nan ranar da aka sa hannu, abokansa suka bar masa gurbin sama don girmamawa. Yana cikin waɗanda suka tsara hatimin jihar, mace riƙe da mashi ta taka azzalumi, wanda har yau yake kan tutarsu. Ya yi kakakin majalisar jiha a 1777. A taron rubuta kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 shi ya shugabanci kwamitin da ya tsara ƙa'idojin zaman, amma bai daɗe ba ya koma gida jinyar matarsa, bai kuma dawo ba. Shekarar da ta biyo, a taron Birjiniya na amincewa da kundin, shi ya gabatar da ƙudirin amincewa, aka ci da ƙuri'a 89 a kan 79.

Aiki guda cikin waɗannan shekaru shi ne ya fi damuna, kuma a kansa na tsayar da yaron a bakin ginin. Daga 1776 zuwa 1779 an bar wa mutum uku, Jefferson da Wythe da Edmund Pendleton, aikin tace dukkan dokokin Birjiniya, su zubar da abin da bai dace da sabuwar ƙasa ba. Suka raba aikin, suka fito da ƙudirori 126. A ciki akwai na 'yancin addini da ake ta yabo har gobe, akwai na rage laifuffukan da ake kisa a kansu. A ciki kuma akwai wanda ya bar wata tsohuwar doka daram: baƙar fata, bawa ne ko ɗa, ba ya ba da shaida a kan farar fata a kotu. Majalisa ta tabbatar da ita a 1785. Wythe yana cikin ɗakin da aka duba wannan layi aka bar shi.

Mun kwana a Williamsburg, da safe muka koma Richmond a jirgi, tafiyar kamar awa guda. Gari ne a kan tuddai a bakin kogin James. Ginin majalisar jiha fari ne tas a kan tudu, da manyan ginshiƙai, Jefferson ne ya tsara shi bisa wani tsohon ginin Rumawa da ke Nîmes a Faransa. Garin nan Wythe ya ƙaura a 1791, saboda ya riga ya zama shi kaɗai ne alƙalin babbar kotun Cansari, kotun da ke duba gado da amana da filaye da basussuka. Tun kafin nan, a 1782, ya riga ya yi maganar da ta sa malaman shari'a ba su manta da shi ba. An yanke wa mutum uku hukuncin cin amanar ƙasa, majalisar wakilai ta yi musu afuwa ba tare da amincewar majalisar dattawa ba, magana ta zo kotu. Wythe ya ce ko da majalisa gaba ɗayanta ce ta nemi tsallake iyakar da jama'a suka shata mata, zai tare ta daga kujerarsa, ya nuna mata tsarin mulki, ya ce nan ikonku ya tsaya. Shekara 21 bayan haka ɗalibinsa Marshall ya kafa wannan ƙa'ida a Kotun Ƙoli ta ƙasa.

Zamansa a kujerar bai yi masa daɗi kullum ba. Pendleton, wanda tun suna lauyoyi yake yawan kayar da shi a gaban kotu saboda kaifin baki, shi ne shugaban kotun ɗaukaka ƙara, yana ta soke masa hukunci. Wythe bai haƙura ba, a 1795 ya buga littafin hukunce-hukuncensa yana warware hujjojin waɗanda suka soke shi ɗaya bayan ɗaya. Ya yanke hukuncin cewa mutanen Birjiniya su biya basussukan da 'yan kasuwar Ingila ke bin su tun kafin yaƙi, abin da ya ɓata wa manyan gari rai ƙwarai. Da hannunsa ya gaza rubutu, ya ɗauki wani yaro marar galihu mai suna Henry Clay ya zama magatakardansa, yana kwafe masa har da Girkancin da bai san ko harafi ɗaya ba. Yaron nan ya zama kakakin majalisar wakilan Amurka. Shi kuwa tsohon, a wannan shekarun ya fara koyon Ibrananci.

A farkon 1806, lokacin da can ƙasar Hausa ake tsakiyar jihadin Shehu Usmanu, wata mata mai suna Jackey Wright ta zo kotunsa da 'ya'yanta tana neman 'yanci daga wani Hudgins, bisa hujjar cewa kakarsu 'yar asalin ƙasar ce ta Indiyawan Amurka. Wythe ya ba su gaskiya. Bai tsaya nan ba. Ya ɗauko sashe na farko na takardar haƙƙoƙin Birjiniya ta 1776, wanda ya ce an haifi dukkan mutane 'yantattu, ya ce tunda haka ne, duk wanda ya ce wani bawansa ne, a kansa nauyin kawo hujja yake. Da wannan ya tsaya, da ya girgiza bauta daga tushe a jihar da ta fi kowace yawan bayi. Kotun ɗaukaka ƙara ta duba shari'ar a ƙarshen shekarar. Alƙalan da suka yi magana, St. George Tucker da Spencer Roane, duk ɗalibansa ne. Suka bar wa matar 'yancinta, amma suka ture hujjar malaminsu, suka ce wannan sashe bai shafi 'yan Afirka ba: mai baƙar fata bawa ne har sai ya tabbatar da akasin haka. Wythe bai ji wannan da kunnensa ba, don an riga an binne shi.

Daga majalisa muka taka zuwa mahaɗar titin Grace da titi na biyar, inda gidansa yake a da. Babu komai nasa a wurin yanzu, sai gine-ginen zamani da motoci. A tsaye a gefen titi na ƙarasa wa yaron labarin. Gidan mutum huɗu ne a ciki a 1806. Tsohon mai shekara 80, wanda ɗansa guda ya rasu tun yana jariri. Lydia mai girki. Wani yaro ɗan shekara 16, Michael Brown, ruwa biyu kuma 'yantacce, wanda Wythe yake koya wa Latin da Girkanci, ya kuma sa shi cikin wasiyyarsa, har ya roƙi Jefferson, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙasa, ya kula da karatunsa. Sai jikan 'yar'uwarsa, George Wythe Sweeney, matashi mai sunansa, wanda zai ci mafi yawan gadon, kuma wasiyyar ta ce in Michael ya mutu kafin ya balaga, kasonsa ma na Sweeney ne. Caca ta cinye yaron nan. Ya saci littattafan kakansa ya sayar, ya riƙa kwaikwayon sa hannunsa a cekin banki.

Ranar Lahadi 25 ga Mayu, da safe, Sweeney ya shiga madafa. Lydia ta ce ta gan shi a kan tukunyar gahawa, ta kuma ga ya jefa wata 'yar farar takarda cikin wuta. Ba ta kawo komai a ranta ba, ta kai wa maigida nasa, ita da Michael suka sha sauran. Kafin rana ta yi nisa su uku suna murƙususu da amai. Likitoci suka ce ciwon ciki ne mai tsanani, tsohon yana ta nanata musu cewa kashe shi aka yi. Kwana biyu bayan haka aka kama Sweeney a kan cekin jabu, Wythe ya ƙi tsaya masa beli. Aka binciki ɗakinsa aka samu gubar asenik, wadda ake sayarwa don kashe ɓera. Michael ya rasu ranar 1 ga Yuni. Da labari ya iske Wythe a gadon jinya, ya sa aka kira lauya ya cire Sweeney daga wasiyya. Shi ma ya cika ranar 8 ga Yuni, bayan mako biyu yana shan azaba. Lydia ta rayu, amma gubar ta taɓa mata ido.

Duk Richmond ta san wanda ya yi. Aka gurfanar da Sweeney, manyan lauyoyi biyu suka tsaya masa: Edmund Randolph, babban lauyan gwamnatin Amurka na farko, da William Wirt, wanda shi ma ya riƙe wannan muƙami daga baya. Likitoci uku da suka buɗe gawar, McClurg da McCaw da Foushee, ba su yi gwajin da zai tabbatar da guba ba, ko da yake an san gwajin a lokacin, don haka a gaban kotu suka kasa rantsewa a kan abin da ya kashe shi. Sauran hujja guda ce mai ƙarfi, wato idon da ya gani. Lydia tana nan da ranta, da hankalinta, 'yantacciya tun shekara 19 da suka wuce. Ba a bar ta ta buɗe baki ba. Sauran baƙaƙen da suka ga wani abu su ma haka. A watan Satumba masu taya alƙali hukunci suka ce ba shi da laifi. Ko laifin cekin ma bai kama shi ba, don dokar jabu ta lokacin ba ta ambaci cekin sabon bankin ba.

Yaron ya yi shiru, can ya ce: "Kawu, to ai shi ya ja wa kansa. Ba da shi aka bar dokar ba?" Na ce masa da shi aka bar ta, kuma ba zan wanke shi ba. Mutumin da ya iya gaya wa majalisa nan ikonku ya tsaya, ya ga wannan layi a 1779 ya wuce. Amma ban yarda a tsaya a kansa ba. Shi ya mutu da girmansa, an yi masa jana'izar da garin bai taɓa ganin irinta ba. Wanda aka zalunta sau biyu Michael ne, da aka kashe yana ɗan shekara 16 ba wanda ya biya, da Lydia, da aka shayar da ita guba sannan aka ce maganarta ba ta da nauyin da za a ɗora a ma'auni. Na sha tsayawa a kotu ina kallon shaidar da ta san gaskiya tana rawar murya don tsoron wanda ke zaune a gabanta, kuma aikina shi ne in lallaɓa ta har ta faɗa. A ce doka da kanta ce ta tsaya a ƙofa ta hana ta shiga, wannan ya fi ƙarfin duk wata dabarar lauya. Kuma kafin ta cinye alƙali, dokar nan ta shekara da shekaru tana cin mutanen da ba wanda ya rubuta sunansu: duk abin da farar fata ya yi wa bawa a gona ko a madafa, in dai baƙaƙe ne kaɗai suka gani, a idon kotu ba a yi shi ba.

Muka sauka ta Shockoe Bottom, kwarin da ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin bayi na Amurka a shekarun da suka biyo, yanzu babbar hanya ta bi ta kansa, muka hau tudun Church Hill. Hawan da wuya, sai da na tsaya na huta. Cocin St. John na katako ne fari, an gina shi a 1741, katangar bulo ta kewaye shi da maƙabartarsa. A cikinsa Patrick Henry ya yi jawabinsa na watan Maris 1775 na ko 'yanci ko mutuwa, kuma saboda shi yawancin baƙi suke zuwa. Kabarin Wythe yana kusa da bangon cocin. Ya fi shekara 100 ba alama a kansa, sai a 1922 aka kafa dutsen da ke wurin, an rubuta shekarar haihuwarsa da ta rasuwarsa, da cewa shi ne malamin Randolph da Jefferson da Marshall, farfesan shari'a na farko a Amurka, kuma na farko cikin 'yan Birjiniya a takardar 'yancin kai. Ɗan yayata ya karanta da ƙarfi, ya lura da kansa cewa Randolph ɗin da aka rubuta shi ne wanda ya kare Sweeney.

Littattafansa Jefferson ya bar wa, tare da kofunan azurfa da sandarsa mai kan zinariya; da yawansu suka bi sauran littattafan Jefferson zuwa ɗakin karatu na majalisar Amurka a 1815. Sweeney ya bar Birjiniya, labarin ƙarshe da aka samu nasa shi ne an ɗaure shi a Tennessee kan satar doki. Lydia ta zauna a Richmond cikin ɗan gidanta. A 1807 ta aika wa Jefferson wasiƙa tana cewa tun abin da ya faru idonta yake ta mutuwa, ba ta iya aiki kamar da, tana neman taimako. Ya sa aka kai mata dala 50. Baƙar fata bai samu ikon tsayawa ya ba da shaida a kan kowa a kotunan dukkan jihohin Amurka ba sai da aka yi yaƙin basasa aka gama, majalisar ƙasa ta yi dokar haƙƙin 'yan ƙasa ta 1866, shekara 60 cif bayan shari'ar Sweeney.